Zagayen Baba Wilf

Ƙarfe ɗaya saura kwata suka isa mashayar Tsohuwar Garma, cikin yayyafin nan na Oktoba da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Alec Routledge ya kashe mota amma bai saki sitiyari ba. Ya bi motocin da ke jere a gindin katangar dutse da kallo, kowacce ya san mai ita. Ga ta Dougie Fearon mai ƙofar da aka ɗaure da igiya, ga ta 'yan gidan Nattrass, can ƙarshe kuma ga tsohuwar a-kori-kurar Wilf Tyson, guduma da guntayen duwatsu zube a bayanta.

"Duk suna ciki," in ji shi.

"Yau Lahadi, ina kake so su kasance?" Mahaifiyarsa Maud ta gyara wuyan rigar sanyinta. "Ka saurare ni da kyau. Za mu shiga, ka je kanta ka faɗi abin da za mu ci, ka dawo ka zauna. Kada ka je wurinsu. In suna son ka, su za su kira ka."

"Mama, ranar Alhamis ce fa gayyar."

"Na san ranar gayya tun ba a haife ka ba. Fita mu je."

A ƙauyen Dunnerby ba a kiwo a kaɗaice. Tumakin gidaje bakwai ne a kan tsauni ɗaya, babu shinge ko na ƙwarai, amma kowane garke ya san gefensa, domin uwa ce ke nuna wa 'ya, tun zamanin kakanni. Sau huɗu a shekara maza kan fita da karnukansu tun da safe, su yi wa tsaunin ƙawanya, su koro tumakin gaba ɗaya a ware wa kowa nasa. Wanda ba a yi wannan gayya da shi ba, ba shi da rabo a tsauni. Gonar su Alec kuwa in aka cire tsauni, ba abin da ya rage sai 'yan filaye uku da ruwa ke kwanciya a cikinsu.

Shekara uku ke nan, lokacin ciwon baki da kofato, hukuma ta hana kowa motsa dabba, ko da ƙetare titi ne. Alec yana da tumaki tara a wani filin haya da ke ɗaya kwarin. Kogi ya cika ya shafe filin, tumakin suna haihuwa cikin taɓo, 'ya'yan suna faɗowa suna mutuwa yana tsaye yana kallo. Kwana biyu ya jure. A na uku ya loda su a tirela ya kawo gida. Ba a yi kwana goma ba ciwon ya ɓulla a gonarsu, sai ga mutanen hukuma cikin fararen kaya har ka, da bindigogi. Duk wata dabba mai kofato da ke cikin mil biyu daga ƙofar gidansu sai da aka harbe ta. Mako biyu hayaƙin ƙona mushen yana shiga gidajen mutane, har burodi ɗanɗanonsa yake yi.

Wilf Tyson ya fi kowa asara. Tumaki ɗari huɗu, garken da kakan kakansa ya fara. An biya shi diyya, ya sayo wasu, amma baƙin tumaki ba su san gefensu ba. Suka yi ta ɓacewa yana bin su ƙauye-ƙauye har ƙafafunsa suka gaza, ya sayar da su a wulaƙance. Yanzu yana da shekara saba'in da ɗaya, gyaran katangar dutse yake yi wa mutane ana biyansa kullum. Abu ɗaya ne bai fita hannunsa ba: shi ne ke raba maza ranar gayya, ya ce wane tsaya nan, wane bi can, domin ba wanda ya san tsaunin kamarsa. In ya ce a yi da mutum, an yi da shi ke nan.

Shi kuwa Alec birni ya gudu. Ya yi lodin kwali, ya yi tuƙin motar kai saƙo, ya yi wankin tukwane, ba inda ya cika wata shida. Mahaifinsa Ted ya zauna ya sha kunyar shi kaɗai, ya tara tumaki tamanin, kullum yana hawa da su yana nuna musu gefensu da ƙafarsa, har zuciyarsa ta tsaya a watan Agusta. Maud ba za ta iya hawa tsauni ba. Ko dai Alec ya karɓi gonar, ko a sayar.

Alec ya sunkuyar da kai saboda gajartar ƙofar mashayar, kamar yadda ya saba tun yana shekara goma sha biyar. Ɗumi ya buge shi, da ƙanshin romo, da warin jiƙaƙƙen kare. Wuta na ci a murhu. Kusa da taga wasu baƙi huɗu 'yan yawon hawa tsauni, cikin jajayen riguna, sun baje taswira suna ta waige-waige suna jiran wanda zai zo ya tambaye su abin da za su ci. Za su daɗe.

A ƙarshen kanta, gefen murhu, maza huɗu ne tsaye inda suka saba: Dougie, wanda suka yi makaranta tare, da Ken da Ray Nattrass, wa da ƙane, sai Wilf, ya jingina gwiwar hannu a kan katako, hularsa a gabansa. Ray yana tsakiyar wani labari a kan ragon da ya tsallake katanga. Bai ƙarasa ba.

Maud ta wuce kai tsaye teburin da ke ƙarƙashin agogo, inda Ted ya zauna shekara talatin, ta cire rigar sanyi ta rataye. "Barka da rana, Wilf. Ken, Ray. Dougie, ya jikin yarinya?"

"Da sauƙi, Mama Maud."

Wilf ya ɗan rusunar da kai. Ita ya yi wa, ba ɗanta ba.

Alec ya tsaya a tsakiyar kanta. A nan ba a yin layi kuma ba a kira. Mutum tsayawa yake, Stan Birkett mai mashaya ya san wanda ya riga wani. Stan ya sallami wata mata da ta zo bayan Alec. Ya sallami ɗaya daga cikin baƙin, wanda ya gaji da jira ya taso. Ya goge kanta, ya matse tsumman, ya sake gogewa. Sannan ya ɗago.

"Me za a kawo?"

"Gasasshen naman sa, biyu. Da gasasshiyar tuffa da kastad daga baya. Lemo ɗaya, giya rabin kofi."

"Wane teburi?"

Alec ya dube shi. Stan ne ya ɗauki ƙafar akwatin gawar Ted ta hagu.

"Na ƙarƙashin agogo."

"To." Stan ya rubuta. Bai ɗago ba ya ce, "Birni bai karɓe ka ba. Ka bushe kamar sandar shinge."

"Kai, ku dubi takalmin mutumin," in ji Dougie daga can, da 'yar dariya. "Fari tas! Da wannan za a shiga garke?"

Alec ya buɗe baki zai rama, sai Ken Nattrass ya riga shi. Bai ko juyo ba, cikin kofinsa ya yi maganar. "Ɗan Ted, yau me ka ɗauko mana a tirela?"

Ba wanda ya yi dariya. Ray ya taka ƙafar wansa. Alec ya kwashi kofunansa biyu ya koma teburi, lemon yana zuba a yatsunsa.

"Ka yi daidai da ka yi shiru," in ji Maud ƙasa-ƙasa. "Ken sai ya faɗa sau ɗaya kafin ya huce. Ya faɗa."

Brenda, matar Stan, ta kawo faranti biyu tana riƙe da su da tawul. Nama yanka uku-uku, dankalin da aka gasa cikin kitse, karas, kabeji, da fanken nan mai rami a tsakiya da romo ya cika shi har yana malala. Ta dafa kafaɗar Maud, ta ce wa Alec, "Hattara, farantin da zafi," ta tafi. Wannan ma wani abu ne.

Ya yanka nama ya sa a baki, ya tauna. Kujerarsa kanta take fuskanta, don haka duk abin da ake yi yana gani. Zagaye suke sha, kamar kullum. Mutum ɗaya ya saya wa kowa, in kofuna suka yi ƙasa na gaba ya ɗauka, bi da bi, ba mai tuna wa wani. Dougie ya riga ya sayi nasa kafin su shigo. Ken ya saya suna kallo. Bayan wani lokaci Ray ya ɗaga yatsa, Stan ya zuba huɗu. Saura Wilf. Daga nasa kowa sai gida, domin ana jiransu da abinci.

"Ci abincinka," in ji Maud.

"Ina ci."

"Ƙafarka ce ke girgiza teburin nan. Romona zai zube."

Ya danne gwiwar da hannu. Agogon da ke kansa yana ta aikinsa. Baƙin nan suna tambayar Brenda ko akwai abincin da ba nama a ciki. Wani kare ya zo ya shinshina fararen takalman ya koma gindin wuta. Alec ya lissafa: in Wilf ya sayi zagayensa suka shanye, minti ashirin ke nan, sai su sa huluna su fita. Sai Litinin, Talata, Laraba, shi yana zaune a ɗakin girki yana kallon wayar da ba za ta yi ƙara ba.

Wilf a hankali yake sha. Ya tsufa fiye da yadda Alec ya zata. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, gwiwar hannun kwat ɗinsa da faci, facin ma ya fara ɓulewa. Yatsunsa duk sun tsattsage saboda dutse, biyu an naɗe su da baƙin salatif. Da kofunan suka kusa ƙasa sai Alec ya ga tsohon ya sa hannu a aljihun wando, ya fito da tsabar kuɗi, ya sauke hannun ƙasa da bakin kanta inda sauran ba za su gani ba, yana juya su da babban yatsa. Ya sake sa hannu a ɗaya aljihun. Ya lalubi na kwat.

Alec ya ajiye cokalinsa. Mutumin da ya taɓa mallakar tumaki ɗari huɗu. Mutumin da ya koya masa fito da yatsa biyu. Shi ya mai da shi haka, shi da tirelarsa. Tumakin ba zai iya dawo da su ba, amma wannan ɗan abin, wannan kam zai iya.

Ya ture kujera.

"Alec. Zauna."

Bai ji ta ba, ko kuma ya ji. Taku shida ne daga teburin zuwa ƙarshen kanta. Ya zaro takardar fam hamsin, ragowar albashinsa na ƙarshe, ya shimfiɗa ta a kan katako tsakanin kofin Ray da hular Wilf.

"Stan, zuba musu duka. Wannan zagayen nawa ne." Muryarsa ta fi yadda ya so ƙarfi. Ya juya ga tsohon, ya sassauta ta. "Baba Wilf, mai da kuɗinka aljihu."

Dougie ya runtse ido. Ray ya kalli rufin ɗaki. Har baƙin da ke bakin taga suka ji wani abu ya sauya, cokulansu suka tsaya.

Wilf ya gyara tsayuwa. Ya ɗago hannunsa daga ƙasan kanta, ya buɗe, ya zube tsabar a fili kowa yana gani. Sannan ya dubi Alec, karo na farko tun shigowarsu.

"Zagayen wa ka ce?"

"Na ga dai kamar..."

"Ka ga me?"

Alec ya dubi tsabar da ke kan kanta.

"Shekarata hamsin ina tsayawa a wannan wurin," in ji Wilf. Bai ɗaga murya ba. "Ranar da aka harbe tumakina na zo nan da warinsu a jikina, na sayi zagayena. Ranar da na binne matata Jean na sayi zagayena. Ken, na taɓa tsallakewa?"

"Ko sau ɗaya."

"Sai yau da ɗan Ted ya dawo daga birni da sabuwar takarda, ya gaya wa gari cewa Wilf Tyson ya kasa." Ya juya. "Stan, nawa na ce ka zuba mini in nawa ya zo?"

Stan ya sa hannu ƙarƙashin kanta. Ya fito da kofunan da ya riga ya ware, ya jera su ɗaya bayan ɗaya a kan tsumma. Alec ya bi su da ido. Maza huɗu ne. Kofi biyar.

"Biyar ka ce," in ji Stan.

"Shi ya sa na duba aljihu sau biyu. Na saba da huɗu." Wilf ya sa yatsa mai salatif ya tura kofi ɗaya gefe. "Mai da shi huɗu."

Stan ya ɗauke na biyar ɗin ya mayar kan jere. Ya fara zuba giya, a hankali, yana karkata kofin kamar ba abin da ke faruwa.

"Baba Wilf, don Allah. Ban yi nufin cin fuska ba. Na rantse ban yi ba."

"Na sani. Wancan karon ma ba ka yi nufi ba. Tausayi ne ya kama ka." Tsohon ya girgiza kai. "Tausayinka tsada gare shi, yaro. Mu muke biya."

"Ka ba ni Alhamis ɗin nan kawai. Ka ajiye ni ko'ina."

"Ko'ina? A kan tsauni mutum yana tsayawa inda aka ajiye shi har a kira shi. Awa uku cikin hazo, ba ya ganin kowa, ba ya jin kowa, yana jin tunkiya na kuka a ƙasa ba zai sauka ba. In ya motsa, garke ya ɓalle ta wurinsa, aikin mutum goma ya tashi a banza. Kai da ka kasa zaman minti ashirin a gaban farantin nama, kusa da uwarka, ni zan ajiye ka a bakin kwari?"

Ya ɗauki kofinsa ya juya wa Alec kafaɗa. "Ray, ƙarasa mana labarin ragon nan."

Ray ya yi gyaran murya ya ci gaba daga inda ya tsaya, amma ba wanda ke saurare, har shi kansa. Stan ya tura takardar fam hamsin da bayan yatsa har ta dawo gaban Alec.

Da ya koma teburi, Maud tana goge sauran romo da guntun dankali. Farantinta tas. Ba ta dube shi ba. Brenda ta zo ta kwashe faranti, nasa da rabin naman a ciki, ba ta tambayi ko abincin ya yi ba. Ta dawo da kwano biyu na tuffa, kastad yana tururi.

"Mama, mu tafi."

"Babanka bai taɓa tashi daga teburin nan da abinci a gabansa ba. Ɗauki cokali."

Ya ɗauka. Tuffar da tsami, kastad ɗin ya ƙona masa dasashi. Ya ci har ƙasa, yana jin bayan maza huɗu kamar bango. Suka shanye, suka ɗauki huluna. Kowanne ya yi wa Maud sallama da sunanta. Wilf ya tsaya kusa da ita kaɗan, hula a hannu, kamar zai ce wani abu. Ya taɓa bayan kujerarta ya fita.

A waje yayyafin ya zama ruwa. Dougie bai tafi ba, yana tsaye a jikin motarsa yana fama da igiyar ƙofa. Da ya gan su ya matso, ya ɗaga wuyan riga.

"Kai dai jaki ne," ya ce wa Alec, ba da zafi ba. "Tun a aji uku haka kake. Wata guda muna lallashin tsohon nan ya sa ka a gayya, ni da Brenda. Wata guda!" Ya share ruwa daga fuskarsa ya juya ga Maud. "Mama Maud, ranar Alhamis zan zo in ɗauki karyar Baba Ted, in koro naku tare da nawa. Wannan karon dai. Shi kada ya zo."

"Na gode, Dougie." Ta ɗaure ɗankwalin ruwa a ƙarƙashin haɓa. "In kun sauko da su, kada ku mai da su sama. Yaushe ne gwanjon tumaki?"

"Ashirin ga wata."

"Ka sa sunanmu. Tamanin ɗin duka. Karyar kuma in tana jin fitonka, ka riƙe ta."

Dougie ya dubi Alec, ya dubi ƙasa. "To, Mama," ya ce, ya shiga mota ta ƙofar fasinja.

Suka kama hanyar gida, abin share gilashi yana ta kai da komo. Hanyar ta bi gindin tsaunin, samansa ya ɓace cikin hazo.

"Kin sani," in ji Alec. "Kin san kofi biyar ne."

"Brenda ta kira ni ranar Laraba."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Wilf ya ce kada a gaya maka. Ya ce yana so ya ga ko za ka iya jira ba tare da ka san abin da kake jira ba." Ta ninke hannuwa a kan jakarta. "Ni kuma na ce masa za ka iya."

Suka iso ƙofar gona. Ya tsayar da mota, ya fita cikin ruwa ya buɗe, ya shigar da motar, ya sake fita ya rufe. Da ya dawo ta riga ta sauka, tana tafiya gida a ƙasa, a hankali, tana kauce wa kududdufai.